Akuyar Ɗaure da Ɗakin 'Yar Fari

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya ara mini kwanaki har na ga auren jikokina. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, saboda haka ni nake faɗa ana rubutawa. Abin da ya sa na ce a rubuta, maganganu biyu na ji suna yawo. A gari, samarin yanzu suna cewa wai gwamnati ce ta kawo mana ƙungiyar awaki. A cikin gida kuma, in an yi suna ko biki aka ci aka ƙoshi, sai wata ta rage murya ta ce, ai Inna ce ta kai Yaya ɗakin miji ba jere, ta rabar wa mutanen gari dukiyar aurenta. Ta farkon ba haka ba ne. Ta biyun gaskiya ce, amma gaskiya ce mai ƙafa ɗaya, ba ta tsayuwa sai an kawo mata ɗayar. To ku gyara zama.

Daga Lausu aka kawo ni gidan mahaifinku a nan ƙasar Fammar, da 'yan kwanonina da tabarmata kamar kowace amarya. Malam manomi ne mai sanyin hali, maganarsa ta yini guda ba ta cika ludayi. Shekarar da na haifi Yayarku, ina cikin jego, wuta ta tashi daga murhun ruwan wanka ta kama danga, ta cinye ɗakina da rumbun gero. Muka tsira da kayan jikinmu. Mutane suka yi jaje, suka kawo abin da ya sawwaƙa, kowa ya koma harkarsa. A lokacin akwai wata Bafulatana, Daso, daga rugar da ke bayan rafi, tana kawo mana nono kullum da hantsi. Ba ƙawata ba ce tukuna, ciniki ne kawai tsakaninmu, har faɗa muna yi in na ce ta tsinka nonon da ruwa. Ran nan sai ga ta ta shigo, ƙwarya a ka, tana jan wata jar akuya.

"Kaɗo, ina turkenki?"

"Wane turke? Ni da ko tsintsiya wuta ba ta bar mini ba."

"To nemo icce ki kafa. Wannan haɓɓanaye ce. Ba kyauta ba ce, kada ki fara mini godiyar mabarata. Ɗaura miki ita na yi. Ta haihu sau uku a hannunki, 'ya'yan naki ne, uwar ki dawo mini da ita. Kafin nan ni ba ni da bakin cewa ki kawo, ke ma ba ki da ikon kawowa."

"In ta mutu fa?"

"In ta mutu, mai abu ya karɓi abinsa. Amma in na ji kun sa ta a tukunya, ku Haɓe da ba ku san dabba ba sai a miya, to ni da ke sai a lahira."

Su Fulani da saniya suke wannan al'ada, amma ta ce Kaɗo ba zai iya da saniya ba. Bakina ya kasa kama sunan da ta faɗa, sai na riƙa cewa akuyar ɗaure, shi ne sunan da ya bi garin nan har yau. Jar akuya ta yi haihuwarta uku, na mayar da ita ruga da ƙullin kanwa da gishiri. 'Ya'yan suka hayayyafa, kwanci tashi sai ga ni da ɗan garke a bayan ɗaki, ga kuma ƙawa wadda har ta koma ga Allah ba ta daina ce mini Kaɗo ba.

Yanzu sai ku fahimci wani abu, ku 'yan zamani da kuke kiran 'ya'yanku na fari da suna a gaban mutane, har kuna rungumarsu. Mu a wurinmu ɗan fari ɗan kunya ne. Ban taɓa kama sunan Yayarku ba, har yau da furfura ta fara fito mata. Yarinyar nan nake cewa. Ban yabe ta ba, ban zauna hira da ita ba. In ta yi abin kirki sai in kawar da kai in yi wa bango murmushi. Da kakarta ta wajen uba tana raye, ita za ta ɗauke ta ta riƙe, to Allah ya yi mata rasuwa da wuri, sai muka zauna gida ɗaya ni da yarinya muna son juna ba baki. Uwa irina hanya ɗaya gare ta ta gaya wa 'yar fari abin da ke ranta, wato ɗakin da za ta jera mata ranar aure. Ɗaki shi ke magana. Shi ya sa awakin nan kowace da abin da na sa mata rai. Baƙar nan babba ta gado ce, waccan ta katifa, mai farin goshi ta samiru da tasoshi. Yarinyar nan ita ke zuba musu harawa, ita ke dama musu dusa. Kunnenta ya tsinci lissafin daga hirarmu da Malam, ta san kowace da abin da za ta zama, amma ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Ana nan ana nan, sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke dawa tana shirin fitar da kai. Aka fita roƙon ruwa, hadari ya riƙa haɗowa ta wajen duwatsun Rano yana watsewa. Da kaka, abin da aka kwaso daga gonar Malam ko jaki bai yi nishi da shi ba. A shekarar ne kuma wani saurayi mai gyaran keke daga Durba ya fito neman Yayarku. Muka ga hankalinta ya kwanta da shi, aka sa rana kafin azumi. Malam ya ce mini, "Rumbu dai kin gan shi. Ɗakin yarinya yana wuyan awakinki." Na ce na sani, dama don haka na tara su.

To a bayan dangarmu akwai Lantana. Mijinta faskare yake yi, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ana gama kaka ya cika, ya bar ta da yara ƙanana kamar tsani. Ta shiga takaba. Kun san halinmu da mai takaba: kwanakin farko kwano kan kwano, har tuwo ya kwana a ba kaji. Ana sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke, kowa yana zaton wani yana kaiwa. Da rani ya yi nisa wasu mutane suka zo daga birni da buhunan masara, Allah ya saka musu da alheri, suka ce kowane mabuƙaci ya zo da kansa filin makaranta ya shiga layi. Ba mugunta suka yi ba. Ba su dai san cewa wadda ta fi kowa buƙata ba za ta taka ƙofar gida ba sai ta fita takaba, mu kuma da muka sani, ba wanda ya tuna ya gaya musu. Aka raba, aka watse. Ni ma ban farga ba sai da kunnena ya gaya mini. Shekara da shekaru in ina surfe ina jin taɓaryar Lantana tana amsa tawa ta bayan danga, har mukan yi luguden wasa ba ma ganin juna. Sai na lura kwana da kwanaki ni kaɗai nake daka. Na yafa mayafi na shiga, wai na zo aron rariya. Na tarar da yaran sun kewaye ƙwaryar rama, ba ƙuli ba gishiri, turmi kuwa a kife har gizo-gizo ya yi saƙa a gindinsa. Na kai mata gero, ta karɓa. Na sake kaiwa, ta karɓa kanta a ƙasa. A na uku ta tura mini ƙwaryar da yatsa.

"Yaya Tabawa, ya isa haka. Ke ma ba shi gare ki ba. In na fita takaba birni zan tafi. Manyan in ba da su aikatau, ƙananan in riƙe a hannu."

"Ki yi me a birni?"

"Abin da ake yi a bakin masallaci. Gara in miƙa hannu inda ba a san ubansu ba."

Na dawo gida maganar nan tana cina. Na gaya wa Malam yana alwalar la'asar. Ya ce in ci gaba da kai abin da zan iya, sauran kuwa aikin mai unguwa ne da liman. Na ce to ya kai ni wurinsu. Ya tsaya da buta a hannu yana kallona.

"Ke a ƙofar mai unguwa? Ƙarar wa za ki kai?"

"Ƙarar garin nan gaba ɗaya, har da ni da kai."

Ya ci gaba da alwalarsa. Washegari ya sa hularsa ta Juma'a ya wuce gaba, yana tafiya da nisa kamar bai san matar da ke binsa ba. Allah ya jiƙan Malam. A zauren mai unguwa muka sami liman. Na durƙusa daga bakin ƙofa, domin tunda aka haife ni ban taɓa magana a gaban maza haka ba. Na ce, ranka ya daɗe, an yi rabo a garin nan an tsallake masu takaba. Na ce zakkar hatsi kowa ɗan'uwansa yake ba, wadda ba ta da kowa ba ta gani. Na ce kuma mutum mai mutunci ba ya iya karɓar ƙwarya kullum, yana gajiya da godiya. Sannan na ba su labarin akuyar Daso, na ce me zai hana matan garin nan masu awaki kowace ta ɗaura wa wata guda. Liman ya shafa gemu ya tambaye ni.

"Mai akuyar tana karɓar wani abu a kai in an dawo da ita?"

"Allah gafarta Malam, akuyarta kawai, ta ƙara tsufa ma."

"To babu laifi a ciki. Littattafai sun san irin wannan, ara wa mabuƙaci dabba ya amfana lada ne babba. Ashe abin da muke karantawa, Fulani suna can bayan rafi suna aikatawa."

Mai unguwa ya sa aka yi shela, mata suka taru a gidan liman inda ake karatun matan aure. Kowa ta ce ta yarda. Wata ta ce ita biyu ma za ta kawo. Aka tsayar da ranar Juma'a. A nan ne muka yi gaggawa irin ta mutanen da zuciyarsu ta yi daɗi: muka aika wa duk wadda aka san tana cikin wahala, zawarawa da matan majinyata, cewa kowace ta kafa turke a gidanta, ranar Juma'a ta zo da igiya. Turke kuwa ba ya ɓoyuwa. Kafin ranar, gari duka ya san gidan da aka kafa.

Juma'a ta zo daidai da makon da Lantana ta fita takaba. Masu igiya suka zo da wuri, suka jeru a inuwar darbejiya, kowace ta naɗe tata a cikin mayafi. Muka zauna jiran awaki. Daso ta zo da biyu. Matar liman ta fito da wata tsohuwa mai ƙaho ɗaya. Shi ke nan. Rana ta take, inuwa ta juya. Waccan ta aiko cewa maigida ya hana, waccan ta ce jiya aka kai tata kasuwar Kibiya aka auno dawa. Ban zarge su ba a ranar, ban zarge su yau ba. Bazara ce, hatsi ya yi tsada, akuya kuwa ita ce asusun mace. Daso ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Kaɗo, ku haka kuke? Ku sa mutum ya kafa turke kafin a ga akuya?" Ina kallon Lantana, ta fara cusa igiyarta can cikin zani, tana neman hanyar da za ta bi ta koma gida ba ta ratsa bakin rijiya ba. Na ga matan nan za su bi ta tsakiyar gari da igiya ba komai a jikinta, su je su tarar da turken da suka kafa yana jiransu. Mun zo mu rufa musu asiri, mun tona. Bakina ne kuma ya tara su.

Na ce kowa ta zauna ina zuwa. Na shiga gida na tarar da yarinyar nan a garke tana dama dusa. Ban dube ta ba. Na fara kwance awaki ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe tsaye, hannunta duk dusa, ta gane. Da na kai hannu kan baƙar, sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Har da ta gadon?"

Wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi mini a kan awakin nan. Na ce wa turken, "Har da ita." Ta je ta buɗe mini ƙyauren garke ta riƙe har muka fice, sannan ta rufe shi a kan wofi.

Baƙar ta faɗa hannun Lantana. Ranar ba wadda ta koma da igiya kaɗai. Da yamma Malam ya leƙa garke, ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Kin yi don Allah, Allah ya karɓa. Amma ki fara neman abin da za ki gaya wa mutanen Durba." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Bayan kwana biyu sai ga Daso da wata 'yar akuya ramammiya, tana dariya har ƙwaryarta tana rawa. Ta ce, "Kaɗo, kin koma inda na tsince ki. Ina turkenki?"

Biki ya matso. Na sayar da ƙuli, na yi wankau, na yi surfen kuɗi, abin da na haɗa bai taka kara ya karya ba. Magana ta fara zagaya gari cewa za a kai 'yar Malam ɗaki ba gado. Ana saura 'yan kwanaki a sa amarya a lalle, da sassafe ina shara, sai na ji sallama. Lantana ce, tana jan baƙar akuya. Ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi, ciki ya yi mata nauyi har tana tafiya a tale. Kun ga yadda ake kula da abin amana, haka ta kula da ita, yaranta su ne masu yawon tsinto mata gawo. Ta miƙo mini igiyar.

"Yaya Tabawa, na ji abin da ake faɗa a bakin rijiya. Ki kai ta kasuwar Rano, da cikin nan nata za ta yi gado har da canji. Sauran matan ma mun yi magana, suna tafe da nasu."

Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya so igiyar nan. Ga akuyata, ga mai riƙo ta kawo da kanta, ba wanda zai ce na yi ƙwace. Kuma na san yarinyar nan tana cikin ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu, tana jin komai. Amma na dubi Lantana. Tunda aka ɗaura mata akuyar nan ba ta ƙara zancen birni ba. Ba ta ci ko sisi daga jikinta ba tukuna, amma ta sami abin jira, mai abin jira kuwa ba ya barin gida. In na karɓi igiyar nan sauran duk za su dawo, in kuwa suka dawo, da hannuna na sa Lantana da 'ya'yanta a motar birni.

"Sau nawa ta haihu a hannunki?"

"Ai kin sani, ko ɗaya."

"To ba ki da ikon kawowa, ni ma ba ni da bakin karɓa. Haka aka ɗaura mini, haka na ɗaura miki. Juya da ita, ki tare sauran a hanya ki ce su koma."

"Yarinyar fa?"

"Yarinya tawa ce. Ki tafi, rana tana yi wa akuya zafi."

Ta tafi tana share ido da bakin mayafi. Daga cikin ɗaki ban ji motsi ba. Da ma kuka na ji, da ya fi mini sauƙi.

Haka aka yi bikin. 'Yan jere suka tafi Durba da katifa ta shimfiɗawa a ƙasa, da tabarmi, da 'yan kwanonin da na iya saya, da nawa na girki da na goge da toka har fatar hannuna ta saɓule. Da suka dawo ba su so gaya mini ba, amma magana ba ta kwana a ciki. Wai ƙannen ango sun shigo ganin ɗaki, ɗaya ta ce, "Amarya, motar kayan ce ta lalace a hanya?" Ɗaya ta ce, "Ku bar ta, ɗakin zai yi daɗin shara." Suka ce bangon ma ƙadangare ya sami filin sukuwa. Wasa ne irin na dangin miji, kowace amarya tana shan nata, amma na wasu wasa ne, nata gaskiya ne. Ranar da za a tafi da ita aka kawo ta ta durƙusa a gabana. Amare suna riƙe uwa su yi ta kuka sai an ɓamɓare su. Ita ta ce, "Inna, na tafi." Ta tashi. Shekara ta zagayo, in ɗan aike ya zo daga Durba sai ya ce ta ce a gaida mutanen gida. Mutanen gida. Ni kuma ba ni da hanyar zuwa, domin uwa ba ta taka gidan 'yar fari haka kawai, sai a ce ba ta da kunya. Abin da na tara shekaru zan faɗa mata da ɗaki, ɗakin ya je ya faɗi akasinsa.

A gari kuwa abu ya kama. Awaki suka fara zuba 'ya'ya, baƙar Lantana tagwaye ta fara da su. Matan da suka noƙe ranar Juma'a suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowace da akuyarta da uzurinta. Liman ya sa aka gina rumbu a gidansa ana tara zakkar hatsi wuri ɗaya, mai unguwa ya ce daga yau duk rabon da za a yi a garin nan, da na mai takaba za a fara, a kai mata har ɗaki. Mutane suna tare ni a hanya suna sa mini albarka. Ina amsawa da amin, in dawo gida in zauna ina kallon hanyar Durba.

Ana nan sai aka kawo ta goyon ciki, kamar yadda ake kawo mai haihuwar fari gidan iyaye. Ta sauka lafiya, namiji, shi ne wannan babban naku mai gemu da yake ce mini matarsa. Muka shiga wankan jego. Kun san abin da yake ci na itace, safe da yamma. Malam bai sayi ko ƙirare ba. Kullum gari ya waye sai mu ga dami a bakin zaure, wani lokaci Lantana ce ta shigo da shi a ka, ta zauna ta karɓi jariri, ta yi ta ba mai jego labarin shirmen 'ya'yanta. Ni nake dafa ruwan, ni nake dama kunun kanwa, in ajiye in ce wa iska, ga kunu nan yana hucewa. Ta sha, ta ce an gode. Ba ta ɗaure mini fuska ba, ba ta sake ba. Haka muka yi har ta yi arba'in.

Ranar komawa aka ɗaure kaya, an je kiran mota. Akuyar da Daso ta sake ɗaura mini ta haifi 'yar mace, ta zama budurwa, ita kaɗai ce dabbar da zan iya cewa tawa ce a duniya. Na jawo ta tsakar gida. Yarinyar nan tana zaune a kan turmi da jariri a cinya. Na dubi jaririn na ce, "Kai maigida, ka gaya wa uwarka ta tafi da 'yar akuyar nan. Na ba ta."

Ta gyara masa hula, ta ce, "Ka gaya wa kakarka mu ba ma karɓar kyauta. In za ta ɗaura mana, to."

Na ji abin ya soke ni. Na ce a raina, ashe har yanzu. Na ce wa jaririn, "Ka gaya mata tsakanin uwa da 'ya babu ɗaure."

"Ka gaya mata na tambayi Inna Daso. Ta ce wadda ta ɗaura akuya dole ne ta riƙa zuwa tana duba ko ana ba ta dusa, ko an bar ta a rana. Ta ce wannan haƙƙin dabba ne, ba mai cewa an yi rashin kunya."

Ta faɗi haka idonta a kan yaron, ni kuma nawa a kan akuya. Malam yana bakin zaure, sai na ji ya yi gyaran murya ya fita waje, alhali ba wanda ya kira shi. Na sunkuya na ɗaura igiyar a wuyan akuya, na daɗe ina ƙulli ɗaya, domin idona ba ya gani sosai a lokacin.

Wata bai cika ba na yafa mayafi na tafi Durba. Na yi sallama na ce wa surukarta na zo duba akuya. Tsohuwar ta ce, "Ai kuwa ya kamata." Na je turke na duba haƙora, na duba kofato, na taɓa ciki, na yi duk abin da mai duba akuya yake yi. Sannan aka ce in shigo daga ciki in sha ruwa. Na shiga ɗakin. Yana nan yadda aka ba ni labari, katifa a ƙasa, bango fili. Na zauna a tabarma, ta zauna a ɗaya gefen, muka sa yaro a tsakiya muka yi ta gaya masa magana har la'asar.

Ban taɓa tambayarta ko ta huce ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ba jere aka kai ta, wannan ya riga ya faru, ranar aure kuwa ba ta dawowa a gyara ta. In kuna faɗa ku ci gaba da faɗa, amma ku haɗa da sauran. Akuyar nan ta yi haihuwarta uku, ta yi ta huɗu, ta yi ta biyar. Yarinyar nan ba ta dawo da ita ba, ta karya dokar Daso ƙiri-ƙiri, ni kuma ban buɗe baki ba. A Durba ta tsufa ta mutu. Da labari ya iso ni na ce to, hanya ta ƙare. Ba a yi mako ba sai ga aike: wai an ɗaure 'yarta a turken, kuma kamar ba ta cin harawa sosai, in zo in gani.